Adon Zaure a Kan Katako

Mahaifina magini ne a Ƙofar Ran, da yatsa yake zana ado a ɗanyar laka. Da gwamnati ta nemi zanen ƙawata sabon shataletale, sai ya yaɓa laka a katako, ya fitar da irin adon zaurukan unguwarmu. Na raka shi ofis. Suka ce wai a takarda suke karɓa, ya jira oga. Muna zaune a baranda lakar ta bushe, ta tsattsage.

Wasu murɗaɗɗun ƙarafa aka kafa a shataletalen, har yau ba wanda ya san ma'anarsu. Baba bai ƙara tada zancen ba. Bayan rasuwarsa na tarar da katakon a ƙarƙashin gadonsa, ya lilliƙe duk inda lakar ta tsage.