Yadda Wayata Ta Auna wa Awakin Goggo Maganin Maraƙi

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina koyon rubuta manhaja a wani shagon kwamfuta a Sabon Layi, ina ji da kaina. Goggona tana Kolere, mijinta ya rasu, awakinta ne cinta da suturarta. Kullum kukanta ba ta san yawan maganin tsutsar ciki da za ta ɗura musu ba. Na ce ta bar min, zan yi mata abu a waya, a sa nauyin dabba ya faɗi maganin.

Ban rubuta lissafin da kaina ba. A sana'ar nan, in wani ya riga ya rubuta guntun manhajar da ke aiki, ɗauka ake yi a jona. Wani yayanmu a shagon ya ba ni nasa, ya ce masu shanu sun daɗe suna mora. Babu inda guntun ya faɗi abin da yake karɓa da wanda ba ya karɓa. Ashe duk nauyin da bai kai na maraƙi ba, ɗaga shi yake yi zuwa na maraƙi, ba ko gargaɗi.

Da na gama na tafi Kolere, ni na riƙe wayar, Goggo tana ɗurawa, har tana tsokanata wai 'yarta ta zama likita. Kafin la'asar awaki suka fara karkarwa, miyau na dalala, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na kira likitan dabbobi, ya ce mayo, kogin da ke tsakaninmu, ya cika, babur ba zai haye ba. Goggo ta durƙusa cikin taɓo tana tallabe kan wata mai ciki, tana roƙona in sake tambayar wayar ko akwai makari. Na ce mata wallahi wayar ba ta san komai ba sai awo. Awaki kaɗan ne suka tashi.

Da na faɗa wa yayan nan, ya dafe kai, ya ce akwai ƙarin da ake yi wa harshen manhajar, a ɗaure wa kowane guntu sharaɗinsa, in an ba shi abin da ba nasa ba ya ƙi aiki. Shi ganinsa kowa ya san na shanu ne.

'Yan'uwa masu koyo, kada ku jona guntun da bai faɗi iyakarsa ba, naku ma ku rubuta masa. Goggo ba ta taɓa yi min faɗa ba, amma har yau in na shiga gidanta sai in ji garken shiru.