Wasiƙar Inna a Kan Teburin Cin Abinci

"Hau tebur, ɗan Gwiwa. Hau mana, ai yau kai ne babban baƙo."

Siniyan da yake rabon wasiƙu ne yake gaya min haka, ranar wata Juma'a, ana tsakiyar cin shinkafa da wake. Makarantar kwana ce ta maza a Kazaure, ni kuwa ina aji ɗaya. Na hau. Wa ya isa ya ƙi? Ambulan ɗina yana hannunsa, har ya farke bakinsa da bayan cokali.

Dokar makaranta ta ce a miƙa wa yaro wasiƙarsa a rufe. Dokar siniyoyi kuma ta ce ɗan aji ɗaya ba shi da sirri, kamar yadda ba shi da bokiti, ba shi da naman miya. Ta biyun ce take aiki.

Bari in gaya muku abin da yake cikin ambulan ɗin nan, don ku gane. Ni ɗan fari ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. "Wannan yaron" ne sunana a bakinta. In za ta ba ni abinci, ƙanwata take miƙa wa. Ranar da zan tafi makaranta ɗaki ta shige, kakata ce ta raka ni bakin mota. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kowa ya san haka, ni ma na sani.

To akwai wani malamin asibiti a Gwiwa, Kirista ne daga can wajen Jos, ranar kasuwa yakan rubuta wa mata wasiƙa. Baƙo ne, ba dangi ba, ba suruki ba, sai bakin Inna ya buɗe a gabansa. Da ɗan gari ne ya riƙe alƙalamin, da ya tace maganar, ya bar "gaisuwa mai yawa, muna nan lafiya" shi ke nan. Shi wannan bawan Allah abin da aka faɗa shi yake rubutawa, ba ragi. Wasiƙu biyu na farko direban motar kasuwa ne ya kawo min hannu da hannu. A cikinsu na fara jin muryar uwata. Ta ukun ce malamin ya ga ai an ci gaba, ya manna kan sarki ya jefa a gidan waya.

Siniya ya siranta murya kamar ta mace, ya fara.

"Tunda ka tafi ban iya shan kunun gyaɗa ba, kai nake tunawa. Tabarmarka na naɗe ta, ban bar kowa ya hau ba. Ranar kasuwa nakan leƙa in ga motar Kazaure, ko da na san ba ka ciki."

Kuma ta kira sunana a ciki. Sau uku. Duk inda ya zo kan sunan sai ya tsaya, ya dafe ƙirji.

"Jama'a ku ji min uwa! Kai, ba kai ne ɗan fari ba?"

"Ni ne, Siniya."

"To a Gwiwa kunya ƙarewa ta yi, ko kasuwa kuka kai ta?"

Aka ɗauki cokula ana dukan kwanuka. Da ɗan birni ne ya yi min haka, da na ce bai san abin da ya taɓa ba. Ina! Ɗan Roni ne, maƙwabtanmu, gero ɗaya muka ci. Ya san daidai inda wuƙa za ta shiga. Da ya gama ya goge man hannunsa da takardar, ya jefa a kwanon wake. Daga ranar sunana ya koma Kunun Gyaɗa.

Sunan bai dame ni ba sosai. Abin da ya hana ni sukuni, mu biyar ne 'yan Gwiwa a makarantar, kuma hutu yana zuwa. Maganar za ta je gida, a kan Inna za ta sauka.

Na tafi wurin malamin da yake kula da ɗakin kwananmu. Na same shi a gindin darbejiya yana goge sabon babur ɗinsa. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kowane malami ya yi babur.

"Malam, an karanta min wasiƙa a gaban mutane."

"An dake ka?"

"A'a, Malam."

"Jini ya fita?"

"A'a."

"To me ka kawo min? Gwamnati ta ba ku katifa, ta ba ku sabulu, ga kifin gwangwani, ga kuɗin mota in an yi hutu. Mu a tabarma muka yi namu karatun. Je ka, in ka zama siniya kai ma ka karanta ta wani."

Ko ɗago kai bai yi ba. Madubin babur ya fi ni samun kulawa. Wai tarbiyya ke nan. An yi mana tanadin komai, har man goge takalmi, ban da kunne ɗaya da zai saurari yaro.

Sai na yi dabarar wawa. Na rubuta wa malamin asibiti cewa ya gaya wa Inna hukumar makaranta ta hana a rubuto wa yara wasiƙa. Ƙarya. Wasiƙun nan biyu kuma na yayyaga su na zuba a masai, kada a bincike akwatina a same su.

Duk a banza. Kafin in sauke akwati a gida, maganar ta riga ni shiga. Mata a wurin daka suna tambayar Inna ko yau za a dama kunun gyaɗa. Ita kuwa ta zuba min abinci kamar kullum. Ta miƙa wa ƙanwata kwano ta ce, "Kai wa wannan yaron." Har na yi aure, har na haihu, har Allah ya karɓi abarsa, ba ta ƙara rubuto min ba, ban kuma taɓa jin sunana a bakinta ba.

Me ya tayar da maganar yanzu? Ina nan Kano, da waya nake rubuta wannan, a cikin mota ina jiran danja. Muna da zauren tsofaffin ɗalibai a waya. Siniyan nan yanzu Alhaji ne, shi ne ma shugaban kwamitin walwalar ɗalibai. Jiya ya turo mana doguwar nasiha: iyaye a kula da yara a waya, 'yan zamani ba su da imani, sai su ɗauki hoton saƙon yaro su baza wa duniya, har yaro ya tsani makaranta. Aka yi ta jera masa addu'a. Shi fa! Mutumin da bai buƙaci waya ba, tebur da cokali suka ishe shi.

Na rubuta a ƙasa: "Siniya, ka tuna wasiƙar Gwiwa?" Na ba da labarin yadda na ba ku.

Ya turo fuskokin dariya guda uku. "Kai, Kunun Gyaɗa! Ashe kana nan? Yarinta ke nan, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Wani ya ce ai makarantar da ita ce makaranta, ita ta gina mu. Wani ya ce in yi haƙuri, girma ya zo. Yau da safe mai kula da zauren ya kira ni, da ladabinsa, wai don Allah Yaya in goge, kada zumunci ya lalace.

Sau ɗaya na taɓa goge magana don a zauna lafiya, kun ga abin da ta ci min. To ku da kuke karantawa ku faɗa min: in sake gogewa?