Azumin da Ba Don Allah Na Yi Ba

A lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Magariya, 'yar ɗan kasuwa ce ni, ga kumatu ga yawan dariya. Wata rana a filin wasannin lakwal, makarantar tamu, wata 'yar ajinmu ta ce in ina gudu sai ka ce buhun gyaɗa a kan amalanke. Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Tun daga ranar tuwo ya fara ba ni ƙyama.

A gidanmu kwano ɗaya nake ci da ƙannena mata, don haka ɓoyewa ba ta yi mini wuya ba. In yanko loma, in juya ta cikin miya, in tura ta gefen autarmu, in suɗe yatsu kamar na ƙoshi. Da hakan bai ishe ni ba sai na tsiri azumin nafila. Na fara da Litinin da Alhamis, na koma kusan kullum, buɗa-bakina ruwa da dabino. Abin da ya fi tayar mini da zuciya yanzu shi ne yabon da na sha. Inna tana faɗa wa maƙwabta 'yarta ta zama waliyyiya, Baba ya sayo mini dogon hijabi daga Najeriya, ni kuwa murnata yana rufe ƙasusuwana. Gashina yana zuba, bakina yana wari, ina rawar sanyi a tsakiyar bazara, amma in na dubi madubi ƙatuwa nake gani. Ƙazamar ƙarya na yi, kuma da sunan ibada na yi ta.

Gwaggona ce ta zo daga Sassumbrum, ta ji ana ta yabon azumina, sai ta tambayi Inna yaushe rabon yarinyar nan da fashin salla. Wata da watanni al'adata ta ɗauke, ba wanda ya lura. Gwaggo ta ɗage hijabin ta kama damtsena, yatsunta biyu suka zagaye shi, ta fashe da kuka. Lokotoron da aka kai ni wurinsa ya ce ba sammu ba ne, ba iska ba ce. Ciwo ne mai suna anoreksiya, a tunani yake farawa, ya sa mutum tsoron abinci har zuciyarsa ta gaza, kuma yana kisa. Na daɗe ina jinya, ina kuka a kan ludayin kunu. Jarrabawar bak, ta kammala lise, ta wuce ni.

Na koyi cewa mai wannan ciwo ba za ta faɗa da bakinta ba, don ita ba ta ga ramar ba. Iyaye, kafin ku yabi 'yarku da yawan azumi, ku zauna kusa da kwanon ku ga ko lomar tana kaiwa baki. Har yau Baba yakan ce a waccan shekarar na fi tsoron Allah. Kunya ke hana ni gaya masa cewa loma nake tsoro.