Tsarin Bahago

Akwai wata rana a Madawa da ba ta fita raina ba, kuma ba na jin za ta fita: ranar da na goge tsarin yayana daga ordinatarsa, wato kwamfutarsa.

Shi ya koya mini sassaƙa a na'ura. Dunƙule ne kamar na yumɓu a kan allo, ka yi ta ja da matsawa da alƙalami har ya zama zobe ko kan takobi, maƙera su yi aiki da siffar. Yaya bahago ne, duk maɓallan ya jera su don hannunsa, har ni badama sai da na koyi riƙe alƙalami da hagu. Kayan sassaƙan kuma sunayen shanun kakanmu na Karofane ya sa musu: wannan Jar Saniya, wancan Mai Karyayyen Ƙaho. Da Allah ya yi masa rasuwa na ci gaba a haka, ban taɓa komai ba.

Sai lojisiyel ɗin, wato manhajar sassaƙar, ya fara iskanci. In ja nan ya lotsa can, in buɗe aiki ya rufe kansa, ga maƙeri a Buza yana jiran kan takobi. Na ɗauki ordinatar na kai wa abokin Yaya, mai gyara a bakin tasha.

Ya duba ya ce, "Ƙanwata, injin lahiya lau shike. Tsarin na yal lalace. Sai an maishe shi yadda yaz zo sabo."

"To na Yaya hwa?"

"Tahiya za shi yi. Ina aje miki shi cikin kile, ɗan abin aje bayanai da ake soka ma inji, amma in kin maido shi, cutar ta biyo shi."

Haushinsa ya kama ni kamar shi ya lalata. Na ce wa ya aike shi, gyara na kawo. Bawan Allah ya turo mini ordinatar, ya nuna maɓallin gogewa ya ce, "Ke za ki danna, ba ni ba."

Na jima kafin na danna. Da lojisiyel ɗin ya sake buɗewa, babu Jar Saniya, babu komai, sai sunayen da ya zo da su. Na ja layi ya tafi sumul, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai. Nan na yi kuka, a gaban masu jiran cajin waya.

Da na zauna aiki a gida, yatsuna suka riƙa zuwa inda suka saba, su danna babu amsa. Sai na fara binsu: inda yatsa ya sauka, in mayar da abin da ke wurin, in sa masa sunan saniyarsa. Har na gama ban buɗe kile ba, kuma ko ɗaya bai ɓace ba.

Tun ranar ba na tsoron goge tsari idan ya lalace. Na gane abin da Yaya ya bar mini ba a ordinatar ya ajiye shi ba, a hannuna yake. Har yau da hagu nake sassaƙa.