Hancin Allon da Baba Ya Sassaƙa

A unguwar Ƙuba ta Madina muke zaune lokacin, a hawa na biyu, kusa da wani tsohon lambun dabino da gine-gine ke ci a hankali. Baba injiniya ne. Idan zafi ya tsananta, ranar Alhamis yakan kwashe mu a mota zuwa Yanbu, bakin Bahar Maliya. Mukan bi ta Bi'ir Ali, mu ratsa tsakanin manyan motocin masu umra, ni kuma ina manne da gilashi ina kallon maza suna fama da harami yana zame musu daga kafaɗa.

Shekarar da zan gama firamare, Umma tana ninke wanki ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba: "Wannan hutun shi ne na ƙarshe a cikin ruwa. Baɗi abaya za ki sa, ki zauna kusa da ni ki riƙe fulas ɗin shayi."

Ni dama ba mai magana ba ce. Amma akwai abin da na ƙudurta: kafin a koma makaranta sai na kwanta a kan allon wasan ruwa, igiyar ruwa ta ɗauke ni ta dire ni a kan yashi, ko da sau ɗaya ne.

Ƙawata, 'yar maƙwabtanmu, tana da allon. Iyayenta mutanen Damagaram ne, amma ita a Madina aka haife ta. A yi mata Hausa, ta mayar da Larabci. Nata na kanti ne, na soso, shuɗi mai hoton kifi. Irinsa ne a hannun kowane yaro a bakin ruwan, duk tsawonsu ɗaya kamar an yanka su da wuƙa guda. Ta ara mini. Na fi ta tsawo da nauyi, sai ya riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashin cikina, iskar la'asar kuma tana fizgar shi gefe. In na yi gaba kaɗan sai ya tsaya, igiyar ta wuce ta bar ni.

Baba ya karɓa ya danna shi da babban yatsa, wurin ya lotsa. "Wannan ai katifa ce," in ji shi. "Uwata, ni zan yi miki naki." Uwata yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Baba ɗan Yawuri ne, mahaifinsa masassaƙin jirgin ruwa. A ƙasan akwatinsa akwai gizagon tsohon, naɗe cikin tsumma, ya biyo shi har Hijaz. Ya samo katako mai kauri wajen wani kafinta, ya auna ni da igiya daga gwiwa zuwa ƙirji, ya hau saman bene. Kullum bayan la'asar nakan kai masa shayi in tsuguna nesa kaɗan. Ƙamshin katakon har yau yana hancina. Ya yi wa allon ciki a miƙe, da hanci mai tsini da kauri.

"Jirgi tsaga ruwa yake yi," ya ce. "Haka Baba ya koya mana."

Umma ta leƙo ta gani. "Injiniya, ƙyauren wa ka ciro?"

"Ke dai ki tanadi guɗa."

Alhamis ta zo. Na rungumi allon da ƙyar na shiga ruwa cikin doguwar riga da wando. Igiya ta taso ta bayana, ta ɗaga ƙafafuna, sai hancin ya soke cikin ruwa kamar garma a ƙasa. Na wuntsila. Na sake, na sake wuntsilawa. Baba yana tsaye ruwa iya gwiwarsa yana kira, "Ja baya, Uwata! Riƙe da kyau!" A na ƙarshe gefen katakon ya fasa mini leɓe.

Ƙawata ta wuce a kan sosonta tana dariya. "Esh hada? Bab?" Wato, mene ne wannan, ƙofa ce?

A hanyar dawowa, da muka hango fitilun gari, Baba ya fara mita. "Ruwan ne ba shi da tarbiyya," ya ce. "Kogi ba ya haka."

"Halas," in ji Umma. "An gama, kafin yarinya ta rasa haƙori."

"A ba mu Alhamis ɗaya," in ji Baba.

Umma ta juyo ta dubi leɓena, ta dubi idona. "Ɗaya," ta ce.

Ni kuwa na riga na ga abin da ya faru. Da aka ajiye allunan biyu a kan yashi, na lura hancin na soson bai taɓa ƙasa ba; a ɗage yake kaɗan kamar bakin takalmin da ya tsufa. Na Baba kwance yake shamɓal. Ruwan kogi shimfiɗe yake, jirgi ya tsaga ya wuce. Amma igiya gangara ce, daga baya take turo ka, in hancinka ya kalli ƙasa sai ya nutse.

Sai dai a gidanmu 'ya ba ta ce wa uba ya yi kuskure, balle a sana'ar mahaifinsa. Na yi ta juya maganar a bakina a kan matakala, in na iso gabansa sai ta maƙale.

Daga ƙarshe na aro allon ƙawata, na kwantar da shi kusa da nawa a saman bene. Da Baba ya hau, na ajiye masa shayi, na ɗauki dabino daga faranti. Na gangaro shi ta gaban na soson, ya shige ƙarƙashin hancin. Na gangaro wani ta gaban na katakon, ya buge ya tsaya. Kaina a sunkuye.

Baba ya tsuguna ya duba. Sannan ya ce, "Sake."

Na sake.

Sai ya fashe da dariya har shayin ya zube. "Tun yaushe kika gani?"

"Tun a can."

"Shi ne kika bar ni ina zagin teku!"

Ya ɗauko gizago ya fara cin ƙasan hancin, yana yi yana tura mini allon in gwada da dabino. Ya kashe tsinin, ya zagaye gefen da ya fasa mini leɓe. Samfefa kuwa ni ya miƙa wa, na goge har yatsuna suka yi fari. Saman ma na goga masa kyandir ɗin Umma, don na tuna yadda rigata ke sulɓewa a kansa.

Alhamis ɗin iska ta fi ta kullum. Allunan soso sai tashi suke daga hannun yara. Nawa bai kula ta ba. Nauyinsa ya sa igiyoyin farko suka wuce ni kafin ya motsa, sai na gane dole in tura da ƙafa tun kafin ta iso. Na jira wata babba, na tura da duk ƙarfina.

Hancin ya ɗaga. Na ji katakon yana kaɗawa a ƙarƙashin ƙirjina, yana bi ta kan ƙananan tudun ruwa ba ya tsayawa. Na wuce ƙawata inda sosonta ya ƙare, na ji tana ihu, "Yalla! Yalla!" Ban saki ba sai da yashi ya karce gwiwoyina, dab da bakin tabarmar Umma.

Umma ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa. Wasu matan Larabawa a tabarmar kusa suka amsa mata da tasu, ba su ma san dalili ba.

Da shekara ta zagayo na sa abaya na riƙe fulas, ban yi gardama ba. Ƙanwata ce ta gaji allon. Ya yi mata tsawo, Baba ya ce sai an rage, ya miƙo mini igiyar awo.