Hanyar Yanbu da Ƙaton da Nasiru Ya Zaɓa

Utaibiyya

Mun bar gidanmu da ke unguwar Utaibiyya a Makka ranar Juma'a, ana idar da sallar asuba. Yanbu muka nufa, garin da ɗana Nasiru yake aiki a wata masana'anta har Allah Ya karɓi ransa kafin azumi. Mai gidan da yake haya ya yi mana haƙuri iyakar haƙuri, dole a je a kwashe kaya a miƙa makulli. Abokansa biyu ne suka ce za su kai ni: Bashir, wanda suka yi karatu tare a Amurka, da Usama, ɗan maƙwabcinmu tun muna unguwar Tandabawi.

Mahaifiyarsa ta rako ni har bakin ƙofa. Ta ce kaya a bayar sadaka, ba ta son ganinsu. "Abu ɗaya nake so. Ka tambaye su maganar da yake yi a kwanakinsa na ƙarshe, abin da ke ransa." Faɗuwa ya yi a wurin aiki, babu jinya. Mu kuwa a waya gaisuwa ce kawai, lafiya lau, lafiya lau. Tun da aka binne shi ba wanda ya ƙara kiran sunansa a gabanmu, sai dai a ce marigayi, a sassauta murya. Na ce mata to, amma ban san ta inda zan fara ba.

Jumum

Mun bi ta Tan'im, muka wuce shingen 'yan sanda ba a tsayar da mu ba. A Jumum muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis da shayi. Nan na lura idanun yaran sun yi ja. Ashe ba su yi barci ba, sun zauna kallon zaɓen sabbin 'yan wasa na ƙwallon Amurka. Ba irin tamu ta ƙafa ba ce. Wannan runguma ake yi a ruga da ita, siffarta kamar gwanda. Bashir da Nasiru suka kwaso son wata ƙungiya daga garin da suka yi karatu, suka shafa wa Usama.

Bashir ya yi mini bayani da Hausarsa mai gauraye da Larabci. Duk shekara ana jera samarin da suka fito daga jami'o'i, ƙungiyoyi su yi ta ɗauka bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ke fara zaɓe. Tasu ta sha kashi sosai bara, don haka tana cikin na farko. Sai ga shi ta bar wani shahararren mai jifa, wato mai jefa wa 'yan wasa ƙwallon, ta ɗauki wani ƙato wanda aikinsa kawai ya tsaya a gaba ya tare mutane.

Daga nan har muka ga teku gardama ce. Bashir ya ce an zubar da damar da aka sha wuya shekara guda kafin a samu, mai jifan da suke da shi ya tsufa, hannunsa ya mutu. Usama ya ce mai jifa ba shi da laifi, masu cafkewa ne hannunsu kamar an shafa musu sabulu, da an ɗauki yaron nan mai gudu da an huta. Bashir ya ce yaron da gwiwarsa ta taɓa tashi aiki? Usama ya ce gwiwa tana warkewa, amma wanda bai iya gudu ba ba zai koya da girma ba, ya kuma dubi tumbin Bashir. Bashir ya ce, "Na gode, ya koci. Kai da ko jakar cefane aka jefo maka sai ta faɗi."

Ni dai na juya ina kallon duwatsu. Raina bai so ba. Na ce a zuciyata, ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba, su kuma ga abin da ya dame su. Na kuma lura duk lokacin da maganar ta zo kan ƙaton da aka ɗauka, sai su yi sauri su kauce.

Yanbu

Mun isa kafin a hau mumbari, muka yi Juma'a a masallacin unguwarsa. Mai gadin gidan, wani dattijo mutumin Sudan, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya buɗe mana.

Ɗakin yana nan yadda ya bar shi. Takalmin aiki a bakin ƙofa, kofin shayi a kife, ƙwallon nan mai kama da gwanda a kan firji. Gardama ta mutu tun a matakala. Muka yi ta naɗe kaya muna liƙe kwalaye da salatif. Sau biyu na buɗe baki zan yi tambayar da aka aiko ni da ita, sau biyu na ce a miƙo mini kwali. Usama ya ɗauko wata riga mai babbar lamba a baya, ya tsaya da ita a hannu, sai Bashir ya karɓa ya sa a ƙasan kwali ya rufe.

Mai gadi ya kira wasu ma'aikata suka ɗebi gado da firji da tukwane. A kan kafet muka kwana, kowa da jakarsa a matsayin matashi. Bayana bai gode mini ba.

Mastura

Asabar da hantsi na miƙa makulli muka juyo. An ci gaba da zaɓen kafin wayewar gari, don haka suka sami sabon abin faɗa: wani mai tsaron baya da Bashir ya ce gajere ne, Usama ya ce gajere amma yana tsalle. Muryoyinsu dai a gajiye suke, kamar masu sauke farali. Ni kuma ina lissafin yadda zan shiga gida hannu rabbana.

Da azahar muka kai Mastura, ƙauyen da ake tsayawa cin kifi. Bashir ya rage gudu kamar zai wuce, na ce yunwa nake ji. Suka dubi juna, ya karya kan mota zuwa wata rumfa.

Mai kifin yana ganinsu ya washe baki. Ya ce da ma ya san lokacinsu ya yi. Ya leƙa bayansu, ya ce, "Ina Nasir? Wa ya ci bana?"

Ni na gaya masa ya rasu, na ce ni ne mahaifinsa. Mutumin ya ajiye wuƙarsa, ya yi salati, ya yi addu'a mai tsawo. Muka zauna a kan tabarma. Da yake wani ya riga ni kiran sunan, sai na ji harshena ya saku.

Na ce, "Me ake ci?"

Usama ne ya faɗa, kansa a ƙasa. Duk shekara kowannensu yana faɗin wanda yake ganin ƙungiyar za ta fara ɗauka, tun da sauran watanni. Bayan zaɓe sai su haɗu a nan, su daga Makka, shi daga Yanbu. Wanda ya canka shi ke zaɓen kifi, sauran biyun su saya, su kuma cire masa ƙaya yana zaune.

"Shi Nasiru wa ya ce?"

Bashir ya share fuska da gefen shimaginsa, ƙyallen da ya yafa a ka. "Ƙaton nan, Baba. Tun kafin kowa ya san sunansa."

Daga nan suka yi ta ba ni, ɗaya na karɓa daga bakin ɗaya. Satinsa na ƙarshe kusan kullum sai ya kira su a kan maganar. Ya ce me amfanin sabon mai jifa in kullum a ƙasa zai wuni? A fara samo wanda zai tsaya masa tukuna. Ya ce su biyun 'yan kallo ne, abin da ke ƙyalli kawai suke gani. Bashir ya kira shi tsoho, ya ce ya je ya auri ƙaton. Ranar da zai faɗi ma da safe ya kira Usama, ya ce su fara tanadi, don kifin najil zai zaɓa, mafi girma a cikin ƙanƙara, kuma ba zai bar musu ko kai ba. Bai taɓa ci ba sai bana.

Na tashi na je wurin ƙanƙarar. Ban san najil ba sai da mai kifin ya nuna mini, ja ne mai ɗigo-ɗigo. Na nuna mafi girma. Aka soya, aka kawo da jar shinkafa. Na miƙa hannu, Usama ya ce a'a Baba, ba haka ake yi ba. Suka zauna suna cire ƙaya suna tura mini tsoka. Na ci abin da zan iya. Kan kifin na bar musu.

Komawa Makka

Daga Rabig zuwa gida gardamar ta dawo, amma yanzu su uku ne a ciki. Bashir ya ce canka daban, gaskiya daban, Nasir ya canka amma har gobe kuskure ne. Usama ya ce da yana nan da ya cika motar nan da dariya. Na tambaya ko ƙaton yana da kirki. Suka ce ba a sani ba sai an fara wasa bayan zafi ya sauka, wasu da aka ɗauka da farko ba a ƙara jin labarinsu.

A shingen shiga gari an duba katinmu, saboda Hajji ya matso. Mun iso Utaibiyya ana kiran magariba. Na roƙi ƙwallon kawai, na shiga da ita a leda.

Bayan salla na zauna na gaya wa mahaifiyarsa duka, har da kifin. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce, "Wato maganar ƙwallo ce." Na ce ita ce. Ta ɗauki ƙwallon ta juya ta a cinyarta, ta ce tun yana yaro in ya kafe a kan abu sai an gaji an bar shi. Can ta ce, "In an fara wasan, ka ce su zo nan su kalla. Su yi hayaniyarsu. Ina so in ga ƙaton."

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Bashir da Usama, da mai gadi, da mai kifin da bai sani ba ya tambaya. Allah Ya jiƙan Nasiru.