Tuffar Suna a Ɗakin Sanyi

Ko da zan manta da komai na zamana a Kuala Lumpur, ban da Asabar ɗin da na kusa rusa digirina da hannuna.

Bincikena a kan fasimon ne, wani ɗan itace ɗan'uwan kanyarmu, mai girman tumatir. Ina gwada yadda zai yi wata biyu a ɗakin sanyi bai yi laushi ba. Sau ɗaya ake samunsa a shekara, ni kuwa zango ɗaya ya rage min. In ya lalace, gida zan koma hannu biyu.

Sai matar abokina ta haihu a unguwar Taman Melati, aka ɗora min sayen tuffar suna. Kwali biyu na saya, firjin gidan hayarmu na Setapak kuwa ko kankana ba ya ɗauka. Can gida firjin kowa na unguwa ne, don haka ranar Alhamis na lallaɓa na zuba su a ɗakin sanyin makaranta, gefen fasimon ɗina, har ina yaba wa kaina dabara. Ni da na karanta cewa tuffa tana fitar da iskar da ke nunar da 'ya'yan itace! Na karanta, na ci jarrabawa, na manta.

Ranar Asabar na je ɗauka, na tarar da kwalayen a bakin ƙofa. Dattijuwar da ke kula da ɗakin, wadda muke kira Makcik, wato Gwaggo, tana zaune tana fifita. Ba ranar aikinta ba ce, awon sanyi kawai ta leƙo dubawa, ƙanshi ya tare ta.

"Naka ne?" ta ce.

Na taɓa fasimon ɗin akwatin farko, yatsana ya nutse.

"Wannan kam ya tafi. Sauran na kwashe su zuwa ɗaya ɗakin. Akwati tara na ɗauka, da wannan ciwon bayan nawa."

Na ce, "Makcik, don Allah kar malamina ya ji."

"Zai ji. Da bakinka."

Ranar Litinin na faɗa masa, na sha faɗa, amma akwati taran nan su suka ba ni digiri. Har yau in na tuna ta sai na yi mata addu'a. Yanzu ina koyarwa, kuma ɗalibin da ya yi ɓarna nakan fara taya shi ceto abin da ya saura, sannan in tura shi ya faɗa da bakinsa.